Karkatattun Notin Mufeeda

Duk wanda ya taɓa ɓatar da makullin gidansa a unguwar Woolwich ta London, ko dunduniyar takalminsa ta cire yana sauri ya kama jirgin ƙasa, ya san rumfar Jamaldeen. 'Yar mitsitsiya ce a bakin kasuwa, tsakanin mai kifi da wata mata mai sayar da doya. Shekara ashirin da tara yana cikinta tun zuwansa daga zangon Kumasi, yana yanka makulli, yana ɗinkin takalma, yana faɗa da duk abin da ya karkace. Ba ƙari nake yi ba. Mutumin nan in ya shiga gidanka ya ga hoto ya jirkice a bango, wallahi ba zai zauna ba sai ya gyara shi. Jikan maƙera ne, kuma abin da aka gada a gidansu shi ne ƙarfe ya tsaya daidai.

Abu na biyu da ya gada shi ne kunyar ɗan fari. Mufeeda ce 'yarsa ta fari, kuma tun ranar suna bai taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". In yana son sanin wani abu game da ita, uwarta Nimatu yake tambaya, ko da yarinyar tana zaune a kujerar da ke kusa da shi. A London fa! Son da yake mata kuwa ta hannunsa yake fitowa. Ta kwanta da takalmi a ɓare, ta tashi ta same shi a ɗinke. Zik ɗin jakarta ya lalace, kwana biyu ya warke. Shi ba ya cewa shi ne, ita ma ba ta godiya, don ta san kunya za ta ba shi.

Sai yarinya ta tashi da abin da babu wanda ya gane kansa a gidan: hawan dutse. Ita da ƙawarta Sadia, wadda suka girma tare a bene ɗaya na gidajen hayar ƙaramar hukuma, suka fara da bangon wasa na cikin ɗaki. Da suka kama aiki suka koma dutsen gaske, can arewacin Ingila. Nimatu ta yi faɗa har ta gaji. Jamaldeen kuwa idonsa ba ya barin kayan hawan.

A cikin kayan akwai wasu 'yan ƙarafa da masu hawa ke kira noti, daga mai girman ƙwayar gyaɗa zuwa mai girman goro, kowanne da waya mai ƙarfi a jikinsa. Mai hawa in ya yi nisa sai ya cusa ɗaya a tsagar dutse ya maƙale, ya rataya igiyarsa a jikin wayar. In ƙafa ta zame, notin ne zai riƙe shi. Wato ran mutum ne ɗungurungum a kan wannan ɗan ƙarfe.

Wata Laraba Sadia ta dawo da jakar kayan da ta ara, ta ajiye a bakin ƙofa. Jamaldeen ya tsuguna, wai zik zai duba. Ya ga noti goma a zobe ɗaya, kowanne gefe da gefe daidai, ransa ya yi fari. Sai ga wasu biyar a wani zoben daban, kowanne gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ya juya su, ya ɗaga su wajen haske.

"Subhanallahi," ya ce a ransa, "dutse ya cinye su. A kan waɗannan yarinyar nan take rataya ranta?"

Tambaya ɗaya da ta wadatar. Mufeeda tana kicin tana shan shayi, taku biyar ne tsakaninsu. Amma ina! Sai ya zare zoben ya jefa aljihu, da niyyar ya gyara ya mayar kafin a lura. Alhamis da Juma'a, duk lokacin da babu mai saye, yana kan su da magagari yana gogewa, har kowanne ya fito sumul, gefe da gefe daidai. Har murmushi ya yi da ya jera su a tafin hannu. Bai san 'yan matan sun ga hasashen yanayi a waya cewa za a yi rana, sun ɗauki jaka sun tafi tun safiyar Juma'ar ba.

Ashe da gangan aka ƙera su a karkace. Ofset ake ce musu. Wata tsagar bakinta a wage yake, tana tsukewa ta ciki. Daidaitaccen noti in ka sa shi a irinta, gefe ɗaya kawai yake taɓawa, karkataccen ne yake zama daram. Dutsen da suka je kuwa irin tsagarsa ke nan. A gindinsa Mufeeda ta buɗe jaka ba ta gan su ba. Sadia ta dafe kai ta ce ƙila ita ta manta su a gida. Mufeeda ta ce ba komai, ta hau da waɗanda ke akwai. Can sama ƙafarta ta zame, notin ya fizge ya fito, kafin na ƙasa ya riƙe ta ta riga ta bugi wani tudu. Dunduniya ta farfashe, ƙugu ya tsage.

Bayan kwana huɗu aka dawo da ita babban asibitin Camberwell. A nan Jamaldeen ya ji komai, yana tsaye a ƙarshen gado. Mufeeda tana yi wa uwarta bayani, rabi Hausa rabi Turanci, tana kwatanta tsagar da yatsu biyu.

"Mma, masu karkatar nan nake buƙata. Su ne babu a jakar."

Ƙarafan suna cikin aljihun rigar sanyinsa a lokacin, yana jin nauyinsu. Ya buɗe baki, sai ga Sadia a bakin ƙofa da kular abinci. Nimatu ta miƙe.

"Ke! Me kika zo yi? Ki ƙarasa ta? An ba ki aron kaya kin watsar, kin kusa kashe mini 'ya, har kina da idon zuwa? Fita!"

Sadia ta dubi Mufeeda, Mufeeda ta juya fuska bango. Sadia ta dubi Jamaldeen. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

To, a nan ne ni nake jin haushinsa, kuma ba zan ɓoye ba. Kuskure kowa na yi. Amma bawan Allahn nan sati shida ya yi shiru. Ya zuba ƙarafan a gwangwanin madara ya tura ƙarƙashin kantar rumfarsa. Kullum sai ya ce gobe. Yau yarinyar nan za a yi mata aiki, ba ranar magana ba ce. Gobe kuma Nimatu hawan jininta ya tashi. Jibi ya ce bari a sallame ta tukuna. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji, tsoron 'yarsa ta dube shi ta san hannun da ke gyara mata takalmi shi ya kayar da ita. Abinci ya daina shiga. A karo na farko a rayuwarsa mutane suka fara dawo masa da makulli suna cewa ba ya buɗewa. A masallaci in liman ya yi maganar haƙƙin wani, sai ya ji kamar da shi ake. Sadia kuwa in ta biyo kasuwa sai ta tsallaka ta ɗaya hannun.

Ran nan da la'asar sai ga ta a gaban rumfar. Ta rame, har gyalenta ya yi mata yawa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ɗora wata 'yar leda a kan kantar rumfar. Sababbin noti biyar ne, karkatattu.

"Baba, don Allah ka ba Mufeeda. Ba ta ɗaukar wayata. In ka ga za ta ƙi, kada ka ce daga ni ne."

Ya kasa taɓa ledar.

"Na birkice gidana kaf," ta ci gaba. "Sau biyu na hau jirgi na koma inda na yi hawa da su, ina tona ciyawa. Ban gan su ba. Amma ni ce, Baba. Ba wanda ya taɓa jakar sai ni. Igiyata ma na bayar, ba zan sake riƙe wa wani igiya yana hawa ba."

Jamaldeen ya sunkuya ya jawo gwangwanin. Ya juye shi a gabanta. Ta ɗauki ɗaya, ta gane launin wayar, ta shafa gefen da magagari ya ci.

"Ni ne, 'yata," ya ce. "Na ɗauka sun lalace. Na ce in gyara."

Mai kifi yana ta kiran masu saye a gefe.

"Yaushe ka gane?"

"Ranar farko a Camberwell."

"Ranar da Mma ta kore ni?"

"Ranar."

"Kana tsaye."

"Ina tsaye."

Ya so ta yi ihu, ta zage shi a gaban 'yan kasuwa, da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ajiye ƙarfen a hankali kusa da 'yan'uwansa, ta share ido da bakin gyale.

"Gyaran da ka yi na yafe, Baba, don sonta ya sa ka. Sati shidan nan ne ban san yadda zan yi da su ba."

Ta juya ta shiga cikin mutane, ba ta yi masa sallama ba.