Hoton Takin da Bai Zo Ba

Ni ɗan manoma ne daga wani ƙauye kusa da Zakirai. Kafin in lalace, ni ake nunawa a ce ga wanda ya iya kwamfuta. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ya sayar da tumakinsa ya sa ni koyon.

Na samu aiki a Ungogo, a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa ƙungiyar manoma shafin intanet na rabon taki. Aikina gwaji ne. Na tsara wa kwamfuta umarni, ita da kanta za ta buɗe shafin, ta cika sunan bogi, ta danna, ta ɗauki hoton abin da ya fito don mu ga ko akwai matsala. Kullum hoton cewa yake an ba wane buhu huɗu, ga tambari ga komai.

Wata rana, don tsokana kawai, na sa sunan wani abokina na tura masa hoton. Nan take ya kira ni, wai nawa ne kuɗin rajistar samun takin. Wallahi na buɗe baki in ce wasa nake, sai na ji na yanka masa farashi.

Kafin ruwan shuka ya sauka, rabin ƙauyenmu sun biya ni, kowa na da hotonsa a waya. Har Kawu ya zo. Na yi ta zille masa, ya ce ashe shi ne ba zan yi wa ba? Na yi masa. Ya kai aka buga masa a takarda, aka rufe da leda, ya sa a aljihun gaba. Takin kasuwa kuwa ya ƙi saya.

Nan na shiga uku. Duk wanda ya tambaya sai in haɗa masa sabon hoto: mota ta taso, mota tana Kano. In na faɗi gaskiya a kama ni, in na yi shiru geron mutane na ta yin ɗorawa. Na daina zuwa gida, don gonar Kawu a bakin hanya take.

Abin da na manta, kwamfutar tana ajiye kowane hoto a ma'ajiyar kamfani, da rana da lokaci. Ni da hannuna na tsara ta haka. Ogan kamfanin ya buɗe ta yana neman wata matsala daban, ya tarar da sunayen 'yan garinmu a jere. Aka kama ni, a kotu ba a sha wahalar neman shaida ba.

Damina biyu ta wuce ni a gidan yari. Da na fito na je na durƙusa gaban Kawu, na riga na ji cewa a waccan shekarar rumbunsa ko rabi bai kai ba. Bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar nan ya miƙo mini.

"Karɓi abinka," ya ce. "Ni ban iya boko ba, ban taɓa sanin abin da aka rubuta a ciki ba. Kai ka ce mini zai zo."

Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma kunyar nan ba ta sake ni ba. Ku matasa masu taɓa kwamfuta, ku ji tsoron Allah. Iyayenmu na karkara ba hoton suke gaskatawa ba, ɗansu da ya nuna musu suke gaskatawa. Takardar tana aljihuna har yau.