Daga Ina Kakanka Ya Taso?

Duk wanda ya san Kawu Tanko a unguwarmu ta Ruwais ya san ba ya ƙare gaisuwa sai ya jefo tambayarsa: "Wai daga ina kakanka ya taso?" Ko likitan haƙori sai da ya amsa kafin Kawu ya yarda ya buɗe baki. Shi Kawu, nasa kakan da ƙafa ya zo hajji daga ƙasar Hausa, ya rasu bai bar sunan garinsu ba, shi ya sa Kawu ya addabi kakannin mutane.

Wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne Amm Tursun, mutumin Bukhara mai gasa gurasar tamis a layinmu.

"Ya Amm, ka ce kai Baturke ne, amma ido na Sinawa, hanci na Farisawa. Wanne ne naka?"

"Duka! Kakannina makiyaya ne, daga gabas suka taso bisa dawakai, inda duk suka yada zango sai sun yi aure. Yalla, matsa, mutane na jira!"

Kawu ya juyo gare ni: "Ka ji ko? Fulanin dawaki!"

Wata rana ya kamo wani alhaji ɗan Istanbul, fari sol, ya tsayar da shi gaban tanderu, ya ce alhajin da Amm Tursun kowa ya yi ƙidaya da harshensa. Sai ga ƙidaya ta zo kusan iri ɗaya. Tabɗi! Kawu har da tafi: "Fuska biyu, baki ɗaya! 'Yan'uwa ne, halas, shi ke nan!" Ya kwaso su gida cin abinci, ko Inna matarsa bai gaya wa ba.

Da jikan Amm Tursun ya dawo daga karatu da labarin ana gane asalin mutum ta yawu, Kawu ne farkon tofawa a kwalba. Sakamako ya iso: Afirka ta Yamma.

Kawu ya dubi yaron ya ce: "Kai! Wannan ai madubi ya daɗe da gaya mini! Sunan gari nake nema, ya walad."

Muka yi ta dariya. Shi bai yi ba, kuma har yau abin na damuna.

Ranar jana'izarsa Amm Tursun bai hura tanderu ba. Ya kama makara yana hawaye, ya ce mini, "Yanzu zai tambaye shi da kansa."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sada shi da kakansa a Aljanna, ya ji sunan garin nan daga bakin mai shi.