Farin Yadin Inna

Ranar wata Laraba ce, cikin daminar da nake da shekara tara, Inna ta aike ni zaure in kai wa Baba fura. Rana ta take, lokacin da ya kamata kowa yana gona, amma a ƙauyenmu na gefen Hamdara ba ka jin ƙarar hauya, sai ƙudaje da nishin mutane ta bayan danga. Na tarar da Baba a kishingiɗe, ƙafarsa ta kumbura suntum, wani farin abu siriri ya leƙo daga idon sawunsa, an naɗe shi a jikin tsinke. Ina tsaye da ƙwarya a hannu abin ya motsa. Kurkunu ke nan. A shekarar ciyawa ta cinye geronmu, muka yi ta tafasa ganye muna ci kafin kaka.

Mu yara mun san inda abin yake fitowa, don Iya, mahaifiyar Baba, ta gaya mana. Wai a ƙarƙashin tafkin da muke sha akwai wata tsohuwa zaune tana kaɗi, ba ta ci, ba ta barci, zarenta ne take saka wa mutane a ƙafa. In muka tafi ɗebo ruwa da hantsi muna waƙa muna tsalle, da mun hango kukar bakin tafkin sai kowa ya yi tsit. Ruwan kore shar, ko iska na kaɗawa ba ya motsi. Ni da shegen tsoro, nakan cika tuluna ido a rufe.

Bayan kaka wata ƙungiya ta zo daga Damagaram, suka kafa rumfa kusa da lakwal, wato makarantar boko, suka jera kekunan ɗinki don koya wa mata sana'a. Malamar ɗinkin ta ce cutar a cikin ruwa take, in an tace shi da ƙyalle mai kyau shi ke nan, don haka matatar ruwa za a fara ɗinkawa kafin a kai ga riguna. Sai ta warware yadin, fari fat. Matan suka ja da baya, domin a garinmu abu ɗaya ne ke sa a warware farin yadi. Da labarin ya iso gida Iya ta ce, "Tsohuwar tafki ta gama kaɗi, yanzu ta saƙo mana likkafani." Washegari Inna kaɗai ta koma.

Inna ba ta da yawan magana, amma akwai taurin kai. Ta ce ba za ta sake ganin damina Baba na kwance ba. Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta, ƙawayena suka daina kirana wasan gaɗa. Matatun da ta ɗinka suna shanye a igiya a tsakar gida, in iska ta ɗaga su sai in ga kamar mutane ne tsaye ba kai, in bi ta jikin katanga in wuce. Iya ta ware tulunta, ta ƙi shan ruwan randarmu. Daga ƙarshe Baba ya ce a fitar masa da abin nan daga gida.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ta buɗe akwati ta ɗauko zanen aurenta, ja mai furanni ruwan ɗorawa, wanda ko taɓawa ba ta bari mu yi, ta tsaga shi siri-siri, ta zagaye bakin kowace matata da shi. Sannan ta durƙusa gaban Iya ta ajiye ɗaya.

"Iya, kin taɓa ganin likkafani da ado?"

Iya ta juya shi, ta sake juyawa. Sai ta ce a kawo tulunta a tace a gabanta. Da aka ɗaga ƙyallen muka ga wasu ƙananan abubuwa suna wutsil-wutsil a kansa. Ta ƙura musu ido, ta yi bisimilla ta sha. Ba a jima ba mata suka koma rumfar, kowace da tsohon zanenta, har ya zama da launin bakin matata ake gane ta gidan wane ce. Daminar da ta biyo wasu sun kwanta, don abin yana shekara a jiki, amma ta bayanta Baba da ƙafarsa ya nome gonarsa.

Yanzu akwai famfo a ƙauyen, tafkin sai dabbobi, 'ya'yana kuwa in na ce kurkunu sai su ɗauka tatsuniya ce. Ni ma da keken ɗinki nake ci da su a Damagaram, kuma a hannun Inna na koya. Ranar da ta rasu aka miƙo mini farin yadi in yanka mata. Sai da ƙanwata ta riƙe mini hannu na lura jakar ƙyallaye nake lalube, ina neman ja. Wannan karon dole na bar shi fari.