Na jira ya biyo ni da gudu

A lokacin ina malamar adabi a wata sakandare a nan Jos, shekarata biyu da aure, ina kuma ganin na fi kowa sanin soyayya tunda na karanta ta. Wata abokiyar aikina 'yar unguwar Kabong ce ke ara mini tsofaffin finafinan Turawa na soyayya da ban dariya. Duk tafiyarsu ɗaya: mace mai kaifin baki ta yi fushi ta ɗauki akwati, namiji ya biyo ta da gudu cikin ruwan sama har tashar jirgi, ya zuba kalamai, a shirya. Ban taɓa lura ba cewa a nan fim ke ƙarewa, kafin a zo kan wa zai wanke tukunya.

Mijina tela ne a unguwar Ali Kazaure, mutum marar yawan magana. Ranar da ya ce in rage darasin yamma mu riƙa cin abinci tare, na ce kuku yake son mayar da ni. Na haɗa akwati na yi yaji zuwa gidan yayana a Vom. Har kujera na ajiye kusa da taga.

Bai zo ba. Abin da aka koya masa ya yi: ya turo baffanninsa biyu biko, da ƙunshi a leda. Yaya ya ce in fito in gaishe su, na ce a gaya musu ba su na aura ba. Suka sake dawowa, dattawa cikin sanyin Vom, ɗaya yana dogara sanda. Yaya ya rantse cewa boko ya taɓa mini kai. Ban fito ba, ƙunshin ma na mayar ban buɗe ba. Karo na uku takardar saki ce ta zo, tare da ledar nan. Rigar sanyi ce ya ɗinka mini, har da ƙaramin aljihu na sa alli. Daga baya na ji ya ce zai jure komai nawa, ban da a bar baffansa tsaye a ƙofa.

Sai a lokacin na gane ashe ya yi gudun, irin nasa: mafi girman mutanen da yake da su ya aiko mini, har sau biyu. 'Yan'uwana mata, ku kalli fim ku yi dariya, amma kada ku auna mijinku da namijin da aka rubuta wa abin faɗa. Rigar har yau ita nake sawa in shiga aji. Ta yi mini cif, kuma bai taɓa auna ni ba.