Garin Yis a Miyar Kuka

Cikin duk shekarun da na yi a aikin lafiya, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da aka kwashe mana garin yis. Lokacin ina disfensa a wani ɗakin shan magani a ƙasar Kiru, wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin. Disfensa shi ne mai ba da magani da wanke gyambo, kuma yana ƙarƙashin malamin duba asibitoci da ke zagayowa daga birni.

Duk damina, kafin sabon hatsi ya iso, mata masu goyo sukan zo da gefen baki a tsage, harshe ja wur, ba sa iya haɗiyar tuwo. Abincinsu tuwon dawa ne da miyar kuka, nama sai da salla. A wannan shekarar aka aiko mana da gwangwanayen garin yis, mai launin ƙasa-ƙasa, aka ce yana cike gurbin abin da jiki ya rasa. Umarnin shi ne a dama cokali ɗaya a ruwa, mace ta shanye a gabana kowace safiya.

Wanda ya rubuta umarnin bai san damina ba. Ta yaya mace za ta taso daga ƙauyuka masu nisa irin Ba'awa ko Yako kullum, da goyo, ana tsakiyar noma? Ga shi a ruwa yana tayar da zuciya. Har aka fara raɗe-raɗin cewa da shi ake giya, sai da na kai wa liman ya bincika, ya ce abin da ba ya sa maye babu laifi.

Wata tsohuwa mai daddawa, Inna Hajo, ta rako 'yarta Rabi, mai goyo, bakinta a tsage, nononta ya ƙafe. Ta lakato garin ta ɗanɗana.

"Malam, wannan ai kayan miya ne," in ji ta. "Ba ni na mako guda."

Ta riƙa barbaɗa shi a miya bayan ta sauke tukunya. Cikin mako biyu bakin Rabi ya warke, ruwan nononta ya dawo. Daga nan na fara ƙulla wa kowace mace na mako a ganye, Inna Hajo tana nuna musu yadda ake yi.

Wata Talata malamin dubawa ya iso, bai tarar da layin mata ba. Na yi masa bayani, har na aika aka kira Rabi don ya gani da idonsa. Ko kallonta bai yi ba.

"Wa ya ba ka izinin mai da maganin hukuma kayan miya?"

"Ranka ya daɗe, sun warke."

"Ƙauyawa ne, awaki za su zuba wa. Kai kuma aikinka bin umarni ne."

Inna Hajo tana durƙushe a wurin, ta ji komai. Malamin ya sa aka loda sauran gwangwanayen a motarsa, ya bar mini takardar tuhuma. Na amsa ta da gaskiyar abin da ya faru, aka rubuta mini gargaɗi a fayil.

Kafin kaka bakin Rabi ya sake tsagewa, jaririnta ya rame har ya ba ni tsoro. Allah ya sa ya rayu, da kunun gyaɗa da wake da kakarsa ta riƙa nemowa.

Bayan shekara na je ɗauko magani a birni. A lungun sito na ga gwangwanayen nan, laima ta shige su, garin ya dunƙule kamar dutse. Mai sito ya ce jira yake a ba shi izinin binnewa. Na karɓi maganin da na je ɗauka, na kamo hanyar gida.

Ku da kuke shiga aikin yanzu, ku bi ƙa'ida, amma ku san cewa wani lokaci wanda ya rubuta ta bai taɓa zama gindin murhun mutanen da ya rubuta dominsu ba. Daga ranar duk abin da aka aiko mini a raba wa mata, sai na fara kai wa tsofaffin garin sun gani kafin in buɗe baki.