Rijiyar Tajaye da hoton da bai hau mota ba

Mun tashi daga Ƙonni ana sallame sallar asuba, ni da abokin aikina mai riƙe mikoro na ɗaukar magana, bisa babur ɗinsa, sabuwar kamera cikin jaka a bayana. Rijiya za a buɗe a wani ƙauye na ƙasar Tajaye, mu ne kuma masu aika wa wani gidan tele na Yamai labarun wannan yanki.

Bari in faɗa muku abin da ke raina, kada ku zaci yawo na fita. Tun gemuna na baƙi nake ɗaukar hoto a kaset. In na gama in karya haƙorinsa don kada a goge, in miƙa wa direban motar Yamai, bayan kwana biyu ko uku a nuna. Bana shef ɗinmu, wato shugabanmu na aiki, ya tara mu ya ce an kwashe injinan kaset, komi ya koma cikin ordinata, wato kwamfutoci, da ke haɗe da juna, tun daga teburin mai gyara har ɗakin da ake watsawa kai tsaye. Anka ba mu kamera mai ɗan kart na ajiye hoto kamar farcen babban yatsa, anka yi mana 'yan kwanaki na koyo. Ya ce duk wanda hotonsa bai iso ta rezo ba, wato ta intanet, kafin labarun daren ranar da ya ɗauka, za a karɓi kamerar a ba wani. Yana faɗi yana kallona, don ni ne wanda ya bar lakwal tun firamare. Wannan ce fitata ta farko da ita.

A Tsarnawa buhunan albasa sun yi layi bakin gudron, wato hanyar kwalta, har warinsu na sa hawaye. Munka tsaya shan isansin kwalba, na Nijeriya, wanda ya fi na gidan mai sauƙi nesa. Mai sayarwa na ta kukan albasa ta faɗi, wai manomi bai fid da kuɗin taki ba. Kowace shekara haka nake ji, kowace shekara kuma albasar na ƙaruwa.

Malbaza munka fara nufa, don can wanda zai kai mu yake. Garin ka san shi tun kafin ka shiga: itatuwa sun yi fari da siminti, manyan motoci sun jeru ƙofar luzin da ake yin simintin, direbobi na zaune ƙarƙashinsu suna shan shayi. Munka ci shinkafa da wake wurin wata mata da ke zuba yaji kamar tana fushi da kai. Mai kai mu wani Alhaji ne mai motocin ɗaukar siminti, ɗan ƙauyen da za mu, shi ya kai simintin rijiyar kyauta. Shekara da shekaru duk tafiyar da zan yi ta wannan gefen, motarsa nake shiga. Munka aje babur nan, ya sa ni gaban motarsa, ya dafa kafaɗata ya ce yau a nuno shi da kyau, ya ɗinka riga don wannan ranar. Gaskiya rigar ta yi.

Da munka bar gudron hanya ta zama jar ƙasa da ramu, sai amalanke da babura ɗauke da jarkoki. Gonaki fayau, kara kawai. Ƙauyukan da munka ratsa tsofaffi da mata sun fi yawa, samari sun tafi cin rani ba su dawo ba tukuna.

Wurin rijiya an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi. Nan na yi abin da hannuna ya saba. Mu 'yan kaset doka guda gare mu: duk wanda ya miƙe zai yi magana, ka ɗauke shi daga bisimilla har ya zauna, jar wutar kamera na kunne yana gani. In ka kashe yana tsakiyar jawabi, ka ci mutuncinsa gaban mutanensa. Yankewa aikin Yamai ne, ba naka ba. Mai gari ya yi, wakilin magajin gari ya yi, mutumin furojen da ya gina rijiyar ya yi da Faransanci anka fassara, liman ya yi addu'a. Alhaji ya fi kowa daɗewa, ya faro tun daga kakansa. Duk na ɗauka. Sai can anka jefa guga. Ruwa ya fito, mata sunka rangaɗa guɗa, wani Bafillace ya matso da shanunsa tun ba a ce masa bisimilla ba. Wata tsohuwa ta kamfata da tafi biyu ta sha, ta ce wa abokin aikina rabonta da shan ruwan da ba jaki ya ɗauko ba tun tana amarya. Anka ba mu fura mai kyau da gasasshiyar zabuwa, Alhaji ya sa direbansa ya mai da mu wurin babur.

La'asar ta same mu a siber ɗin Ƙonni, shagon da ake biya a shiga rezo. Mai wurin, wani mutumin Sakkwato, ya zuba hotunan cikin ordinata, ya danna aikawa, ya dubi abin da injin ya rubuta, ya yi dariya.

"Oga, wannan kayan naka sai jibi. In wutar kuran ba ta ɗauke ba ke nan."

Na ce masa ai an ce mana rezo ya fi mota gudu. Ya ce ya fi ta, amma ba a yi masa lodin siminti. Minti biyu na hoto zai iya wucewa kafin labarai, fiye da haka kada in sa rai. Abokin aikina ya ce mu kira shef mu ce rezo ne ya lalace. Na ce masa ko kusa, wannan maganar shef yake jira.

Na jawo kujera. Abin da anka koya mana na gyara ban manta ba, yatsuna ne kawai sun yi wa linzamin ordinata girma. Masu jiran layi sunka taru bayana suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Na sa guga na fitowa, na sa guɗa, na sa shanu, na sa tsohuwa da maganarta duka. Mai gari na bar masa jimla guda, don ƙasarsa ce. Sai Alhaji. Na saurare shi gaba da baya ina neman inda ya ambaci rijiya a taƙaice, babu. Kowace magana tasa jela gare ta. Na cire shi. Abin da ya rage nasa hannun riga ne a gefen guga.

Anka danna. Wani ɗan shuɗin layi ya fara rarrafe, muna kallonsa kamar masu jinya. Munka yi magariba ƙofar siber, ina sallamewa na leƙa, ya cika. Can sai wayata ta yi ƙara, mai gyara ne daga Yamai, ya ce ya gani, ba abin da zai taɓa, ya riga ya jera shi cikin labarai. Shef bai kira ba. Shi in aiki ya yi kyau bakinsa ciwo yake.

Gida na kalli labarai, da iyalina da maƙwabta. Ga tsohuwa na shan ruwan da anka jawo da hantsi, ranar ba ta ko ƙare ba. Ban taɓa ganin hotona ya riga ni hutawa ba sai ran nan. Ana wucewa labari na gaba Alhaji ya kira. Ya ce 'yan Yamai ba su da mutunci, kullum haka suke yi wa mutanen karkara, in ba shi lambar wanda ya yanke shi.

"Alhaji, ranka shi daɗe, ba Yamai ba ce. Ni ne. Rabin Ƙonni na tsaye bayana sa'ad da na yi."

Ya ce to madalla, daga yau in nemi motar da za ta riƙa kai ni. Na ce na gode da ta baya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ku 'yan'uwana masu kamera, injin ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya iya sa kaset ya iya shi. Wahalar ita ce almakashin ya baro Yamai ya dawo hannunmu, wanda ka yanke kuma ya san ƙofar gidanka. Ku ɗauka kaɗan, ku gaya wa mai jawabi tun kafin ya miƙe cewa magana guda za a ji. Kamera dai tana wurina. Alela za mu sati mai zuwa, kuma bisa babur za mu tun daga nan har can.