Zulaikha Zarami, Wadda Ta Ƙi Yarda a Kira 'Ya'yanmu Daƙiƙai

Ina tsintar shinkafa a gidana na Babura, wata Talata cikin daminar 2023, mijin ƙanwata Zulaikha ya bugo waya ya ce Allah ya yi mata rasuwa. A wurin zaman makoki na ji Baffa Lauwali, ƙanin mahaifinmu, yana cewa Allah ya jiƙanta, amma ta ƙarar da rayuwarta a wasan yara. Ban tanka masa a gaban mutane ba. Ga amsata a rubuce, iyakar abin da na riƙe.

Haihuwa da karatu

An haifi Zulaikha a garin Babura a shekarar 1978. Mahaifinmu shi ne Malam Zarami, Babarbare mai sana'ar hatsi, mahaifiyarmu kuwa Hajja Kaka. Ni yayarta Rahamatu a aji huɗu na tsaya. Ita ta wuce sakandaren 'yan mata a Kazaure, daga nan kwalejin horar da malamai, ta kammala a 1999.

Aure da koyarwa

A shekarar 2000 ta auri Malam Daudu, malamin dabbobi mutumin Gwiwa, aka kuma ba ta koyarwa a wata firamare a Roni. A 2009 wata ƙungiya ta turo baƙi su auna fahimtar ɗalibai, aka ɗauke ta tafinta. Sukan zaunar da yaro a kujera, baƙo ya zuba masa ido, ya ajiye agogo, ya jero tambayoyi. Yaro mai tarbiyya ba ya kallon babba ido cikin ido, sai ya sunkuyar da kai, agogo na tafiya. Suka tambayi iyaye mata ko 'ya'yansu na da ƙwazo. Wace uwa ce za ta yabi ɗanta, balle ɗan fari, ga kunya ga tsoron baki? Kowacce ta ce ba abin da ya sani sai wasa. Baƙi suka rubuta haka, suka ba da shawarar a ware yawancin yaran a aji na daban, na masu nauyin kai.

Zulaikha ta ƙi sa hannu a rahoton. Ta ce wa shugabansu:

"Ranka ya daɗe, kunyarsu kuka auna, ba ku kai ga hankalinsu ba."

Aka sallame ta daga tafintar a ranar.

Bincike

A 2011 ta shiga jami'a a Kano, ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, tana goyo. Ta sha gaya mini cewa tun da baba ba ya sayen hatsi sai ya duba mudun mai awo, ita ma sai ta duba mudun da ake auna yara da shi.

Hanyarta aike ce. Takan aiki yaro da saƙo mai rassa da yawa zuwa gidaje daban-daban, ta ga abin da ya riƙe da yadda ya yi dabara in bai tarar da mai gida ba. Ta bar tambayar uwaye, ta koma ga kakanni, domin kaka tana wasa da jikanta, ba ta ɓoye wayonsa ko wautarsa. Sannan takan yi wa yaran nan awon baƙi, ta kwatanta sakamakon biyun. Haka ta bi Roni da Gwiwa da rugagen Fulani a bayan babur, har ƙauyukan Nijar da ke kan iyaka, don ta gane wace tambaya ce ke tafiya daidai ga Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, wacce ce kuma ke tuntuɓe da al'ada. Ba ta yi son kai ba. Inda yaro ke da rauni da gaske, ta faɗa wa iyayensa, wasu har suka daina gaishe ta.

Wani babban malami ya mayar mata da aikinta, ya ce aike ba ilimi ba ne. Ta koma ƙauyukan, ta ƙara yawan yaran, ta sake kawowa. A 2019 aka ba ta digirin dakta. A makarantun da suka karɓi hanyarta an daina ware yaro saboda shirunsa. Saura kuwa har gobe suna yi.

Rasuwa

Ta rasu a Kazaure bayan gajeriyar jinya, tana da shekara arba'in da biyar. Aka yi mata sutura a Babura, kusa da kabarin Hajja Kaka. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Musaddiƙ, Asma'u da auta Ummi Kulsum. Allah ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta.

Ummi Kulsum tana hannuna yanzu. Yarinya ce marar yawan magana, har wani sabon malami ya fara cewa kanta da nauyi, ya tura ta bencin baya. Kullum da safe ni nake raka ta makaranta. Nakan tsaya bakin taga da mayafina, ba na tafiya sai na ga ta zauna a layin gaba.